Giɓin Da Ke Tankin Baba Mai Haɗi

Baba Mai Haɗi ya tsufa ne a ɗakin baya na kamfanin turare. Aikinsa guda: ya zuba sifirit, barasar haɗa turare, a tanki, ya bi shi da ruwa har jan layi, ya juya. Yakan ɗora tafinsa a jikin tankin, in ya ji ɗumi ya ce sun gaisa ke nan. Matarsa kan ce ko akuya ya shafa sai ta yi ƙamshin amarya.

Sai aka kawo sabon mai kula da sito, ya ce a riƙa auna kowanne daban: sifirit lita hamsin, ruwa lita hamsin. Aka zuba, haɗin bai kai layin ɗari ba. Washegari ma haka, tanki kuma ba ya yoyo. Magana ta fara zagayawa, wasu su ce sayarwa yake, wasu su ce kurɓa yake. Direbobin kamfanin in sun gan shi sai su ce, Baba a rage mana ko rabin kofi. Aka sallame shi. Ba a ce masa ɓarawo ba, ba a kuma wanke shi ba.

Ya daina fita ko ƙofar gida. Abin da ya fi cin ransa, da hannunsa ya auna, da idonsa ya ga giɓin.

Autarsa tana jami'a tana karatun sinadarai, aka ɓoye mata saboda jarrabawa. Da ta gama ta dawo, ta tarar ɓarin jikinsa ya shanye. Ta ji labarin, ta sayo sifirit a kantin magani, ta auna ta haɗa da ruwa a kwalba mai layin awo a gabansa. Ya ragu. Ta ce ƙwayoyin ruwa da na sifirit jan juna suke su matse, ɗumin ma daga nan yake. Ko wa ya haɗa sai ya ragu.

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan kwalbar, ya daɗe.

"Ashe ban ci ba, Auta."

Ya aike ta kamfani ta nuna musu, ya sa aka canza masa riga yana jira. Da ta dawo ta zauna a bakin gado, ta ce ai sun gano, har sun koma tsohon awonsa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka kwanta, Baba."

Ya ce ta ɗauke kwalbar, ta riga ta huce.