Baba Jiniya, Mai Amsa Kukan Mota

Kafin masu shagunan layin su gama ɗage ƙofofinsu, Baba Jiniya ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jera filaya da sukundireba da naɗin wayoyi a kan tebur, ya zauna yana jiran matsorata. Haka yake kiran masu kawo masa aiki, kuma ba da raini ba. A cewarsa babu mai zuwa a sa wa motarsa alam, wato jiniyar tsaro, cikin daɗin rai. Ko dai an taɓa yi masa sata, ko an yi wa maƙwabcinsa. Tun gashin kansa yana baƙi wannan ne aikinsa: ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, har ya yi wa mota bakin da za ta yi ihu in an taɓa ta.

Amma ba aikin ne ya jawo masa sunan ba. Dattijon yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba 'yan layin dariya. Duk inda mota ta fashe da kuka, ko shi ya sa mata alam ko ba shi ba, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya tafi dubawa. Mu kuwa sauran jama'a mun daɗe da toshe kunne. Babbar mota ta wuce, alam ya tashi. Wani ya jingina, alam ya tashi. Sai mu ja tsaki, mu zagi mai motar a zuci, mu ci gaba da harkar gabanmu.

Mai facin taya da ke maƙwabtaka da shi yakan ce, "Baba, ga jikarka can tana kira, a je a goya ta."

Shi kuma sai ya ce, "Ni na koya musu kukan nan. In ban je ba wa zai je?"

Yawanci ba ya tarar da komai. Kyanwa ce a kan bonet, ko batir ne ya yi sanyi. Sai ya dawo yana jan ƙafa, a yi masa dariya, shi ma ya taya su.

Wata rana wata mai ɗinki ta kawo masa mota. Shagonta yana saman bene a rukunin shagunan da ke bayan layin. An taɓa ɗauke mata mota a ƙofar gida, kuma tun daga nan barcinta bai ƙara yin nauyi ba. Ta zo riƙe da hannun autarta, yarinyar da ba ta isa shiga makaranta ba, mai ƙiriniya, wadda kafin a gama gaisawa ta riga ta shige ƙarƙashin tebur ta ɓuya.

Mai ɗinkin ta ce, "Baba, wanda ya fi kowanne ƙara nake so. Wanda in ya tashi har matattu za su ji."

Ya jera mata kala-kala a kan tebur. Ga mai ihu in an bugi mota, ga mai ihu in an buɗe ƙofa, ga kuma mai ɗan ido da ake maƙalawa a ciki, wanda ke jin motsi ko da ƙofofi a kulle suke. Ta ce an gaya mata na ƙarshen fitina gare shi, ko ƙuda ya gifta sai ya tayar da unguwa.

Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya dubi yarinyar, sannan ya ce, "'Yata, wa kike ɗauka a motar nan?"

"Ni da Auta ne kawai."

"To shi zan sa miki. Gara ya dame ki."

Ta yarda ba don ta gamsu ba, sai don nauyin furfurarsa. Ya wuni a kan motar, ya ɓoye jiniyar a inda hannun ɓarawo ba zai kai ba, ya nuna mata yadda ake danna rimot, ya nuna mata 'yar jar fitilar da ke kusa da sitiyari. In lafiya lau ne tana ƙiftawa a hankali, in kuwa alam ya tashi a bayan idonta za ta tarar da ita tana ƙiftawa da sauri.

Abin da ya faru bayan 'yan makonni, duk wanda ke layin ya gani da idonsa, kuma har yau in ana ba da labarin sai an rage murya.

Rana ce mai tsananin zafi, irin wadda ba a iya dafa ƙarfen mota. Mai ɗinkin ta tsaya a filin ajiye motoci tana sauke yadudduka, ta bar ƙofar baya a buɗe. Auta ta sulale ta koma ciki ta kwanta a ƙasan kujera, tana jiran a neme ta. Uwar ta tura ƙofa da ƙafa, ta danna rimot, ta hau bene da kaya niƙi-niƙi. A zatonta yarinyar ta riga ta ruga shagon ƙanwar mai ɗinkin kamar kullum. Can sama kuwa kekunan ɗinki da janareta sun cika kunne.

Baba Jiniya yana ƙarƙashin wata mota ya ji kukan. Kukan ya tashi, ya ɗauke, ya sake tashi. Ba haka kukan bugu yake ba, bugu sau ɗaya ne. Wannan wani abu ne yake ta motsi a cikin mota. Ya fito ya kama hanyar filin, sifana a hannunsa bai ma san bai ajiye ba. Mutane suna ta wucewa, wani har yana cewa ina ma a fasa wannan tsinanniyar motar a huta.

Yana isa bakin filin kukan ya ɗauke. Ya tsaya yana jira ya sake tashi. Bai tashi ba.

Ya gaya wa mai faci daga baya cewa tunda yake bai taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba. Abin da ke motsi a ciki ya daina motsi, kuma ga motoci nan jere fal fili, duk sun yi tsit a cikin rana, bai san wacce ba ce. Ya shiga bin su ɗaya bayan ɗaya da gudun tsoho, yana kifa fuska a gilashin gaba, yana neman jar fitila mai sauri. Wannan a hankali take. Wannan babu fitilar ma. Gumi ya cika masa ido, yana ta ambaton Allah.

A layin ƙarshe ya same ta tana ƙiftawa kamar zuciyar tsuntsu. Ya gane motar. Gilasan baya masu duhu ne, sai da ya kare da tafin hannu sannan ya hango 'yar ƙafa ɗaya da takalmi a ƙasan kujera. Ya buga gilashin ya kira ta, ƙafar ba ta motsa ba. Bai tsaya neman uwar ba. Ya zaga gaba, nesa da yarinyar, ya ɗaga sifana ya tarwatsa gilashin, jiniya ta sake ɓarkewa.

Sai a lokacin jama'a suka waiwayo. Abin da suka gani shi ne mutum da ƙarfe a hannu, ya zura jiki cikin motar da ba tasa ba.

"Ɓarawo!"

Ya ji tahowarsu a bayansa, kuma ya san abin da taro ke yi wa wanda aka kira da wannan suna. Bai juyo ba, hannunsa yana ciki yana laluben makullin ƙofar baya. Wani mai dako ya riga kowa isowa, ya sauke masa katako a gefen kai. Baba ya durƙusa, jini yana bin wuyansa, amma ƙofar ta riga ta buɗe.

Ya ce, "Akwai yarinya. Ku kashe ni bayan an fito da ita."

Aka fito da ita jikinta sharaf, zafi rau, leɓɓanta sun bushe. Taron da ya zo duka ya koma salati. Wata mai sayar da ruwa ta yi ta kwarara mata, ana yi mata fifita da kwali, uwar ta sauko ba takalmi ta zube a ƙasa ta kasa ko da kuka. Aka daɗe, ko kuwa a gare su ne ya zama an daɗe. Sannan yarinyar ta ja numfashi ta tsanyara ihu. A asibiti aka ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin.

Da mai dakon ya zo neman gafara yana hawaye, Baba ya ce masa, "Tashi, ɗana. Kai ma kukan mota ka amsa. Sai dai gobe ka fara leƙawa kafin ka ɗaga hannu."

Baba Jiniya, kai ne ka ɗauki kukan ƙarfe da muhimmanci a lokacin da duk muka mayar da shi hayaniya. Kai ne ka sha dariyarmu shekara da shekaru, ka je ka dawo hannu wofi ba ka gaji ba, har ranar da zuwan ya zama rai. Dattijo mai kunnen unguwa, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

A watan nan yake ajiye aiki. Katakon nan ya tafi da kunnensa na hagu, kuma mai kunne ɗaya yana jin ƙara amma ba ya gane inda take fitowa. Har yanzu in mota ta yi kuka yakan zabura ya fito tsakiyar layi, ya juya gabas, ya juya yamma, fuskarsa cike da tsoro, bai san inda zai nufa ba.

Don haka aikin ya dawo kanmu. In kun ji mota tana kuka, kada ku ja tsaki ku wuce. Ku je ku kifa fuska a gilashi ku duba kujerar baya. Sau da yawa kyanwa za ku tarar, a yi muku dariya. Ku je duk da haka, domin Baba ba zai ƙara riga ku isa ba.