Faifan da Aka Kira Sunan Baba

Yayana ba ya iya ganin abu a ajiye ya ƙyale shi, sai ya sa hannu ya gyara, ko ba a sa shi ba. A shekarar da ake rigimar tazarce aka ɗaga shi daga kujerarsa a biro, wato ofis, don jam'iyyarsa ba ta ɗasawa da masu mulki. Ya dawo gidanmu na unguwar Zariya da ordinata, wato kwamfuta, a hammata, ya rasa wanda zai juya, sai ya faɗa wa faya-fayan marigayi Baba.

Sun cika akwati biyu. Asalinsu kaset ne da Baba ya yi shekaru yana tarawa, da zarensu ya fara lalacewa ni na kai Sabon Gari aka juye su a faifai. Yaya ya ce zai zuba su duka a ordinata, kowane makaɗi da ma'ajiyarsa, kowace waƙa da sunanta. Na ce ya jira in zauna kusa da shi tunda ni na san su. Ya dube ni sheƙeƙe, wai me direban tirela ya sani game da tsari. Na haɗiye, na ɗauki lodi na yi tafiyata.

Bayan mako uku na dawo na tarar ya gama, yana ta hura hanci. A ranar kuwa Inna ta zo daga Tibiri, ta ce a sa mata waƙarta.

Waƙar ta wani makaɗin noma ce, mutumin Jiratawa, wanda ya daɗe da rasuwa. Kiɗa ɗaya yake yi ko'ina, amshi ɗaya, amma sunayen da yake kira na waɗanda ke gabansa ne a wannan rana. Ko ɗan ƙauyen da bai taɓa shiga aji ba ya san haka. Baba yana da ita sau goma sha ɗaya, a ɗaya daga ciki kuwa, wadda aka ɗauka a wata gayya, makaɗin ya kira sunan Baba har sau uku. Wannan ce Inna take saurara duk zuwan da ta yi.

Yaya ya danna, sauti ya fito tas. Muka saurara har ta ƙare, sunayen wasu mutane ne da ba mu sani ba.

"Wagga ba ita ba ce," in ji Inna.

"Ita ce, Inna. Na iske ta sau goma sha ɗaya, na bar wadda ta fi fita, na goge sauran."

Ashe farkon kowace kaɗai yake ji ya yanke hukunci. Na tambaye shi ina faya-fayan, ya ce tarkace ne sun tare ɗaki, ya bai wa wani manomi a Jiratawa ya rataya a gona don korar tsuntsaye. Wallahi da ba a gaban Inna ba ne, da na manta shi ne babba.

Na hau babur na tafi. Tun daga nesa na hango su suna walƙiya a kan igiya, manomin ma ya rarraba wa maƙwabtansa. Na bi gona gona ina roƙo ina kwancewa, rana ta cinye rubutun da na yi musu, bayansu ya fara ɓarewa. Kwana huɗu na yi ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun tashi, na makaɗin nan ko ɗaya bai yi magana ba.

Har yau Yaya bai ce a yi haƙuri ba. Cewa yake ai waƙar tana nan, sunaye ne kawai suka bambanta. Na tsani wannan magana, kuma ban ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi ba.

Da Inna ta sake zuwa na sa mata wadda ya bari, ko za ta rage zafi. Ta saurara har aka zo wurin kiran suna, ta ce in kashe. Ita tun da aka kawo ta gidan bakinta bai taɓa furta sunan mijinta ba, mu ma kunya ba ta barinmu mu faɗe shi a gabanta. Ta yi shekara biyu bayan nan ta rasu, ba ta ƙara jin sunansa ba.