Gudumar Nagoggo

Duk direban da ke tsallaka iyakar Jibiya zuwa Maraɗi ya san Nagoggo mai murjani. Shekara talatin tana gindin darbejiya tana shirya duwatsun wuya a zare. A saninta, murjani dutse ne da ake sarowa kamar kanwa. Wa zai yi mata musu, mace mai baki kamar reza?

Ɗanta Lawal yana girki a wani otal a tsibirin Zanzibar. Da ya aiko mata ta je ta ga teku, ya ce can ne gidan murjani, sai ta yi wa jikarta Safara'u alkawari gaban mata: ranar aurenta za ta sa murjanin da kakarta ta saro da hannunta. Ta kuwa cusa 'yar guduma cikin kaya. Matafiyi ai ba ya dawowa hannu rabbana.

Can Lawal ya saka ta a jirgin ruwa mai filafilan ƙyalle, iska na tura su. Ruwan garau, har ƙasa ake gani. Ta leƙa, ta ga murjanin ya yi rassa kamar kurmi, ƙananan kifaye na shige da fice. Ta zaro gudumarta.

"Inna, mayar da gudumar nan," in ji Lawal. "An hana taɓawa. Rai gare shi. Tsawon ɗan yatsa sai ya shekara da shekaru yana yi."

"Rai?"

"Wallahi."

Nagoggo ta mayar da gudumar. Kunya ta kama ta, da tausayi. Shekara talatin tana jujjuya abu a hannu, ba ta taɓa tambayar yadda ya rayu ba.

Ta dawo Jibiya da dabino da kanumfari, babu murjani. Mata suka samu abin yi. "Ina dutsen, Hajiyar teku?" Safara'u ta kawar da kai, wannan ya fi yi wa tsohuwar ciwo.

Ranar kai amarya, Nagoggo ta kwance murjanin wuyanta, gadon mahaifiyarta, wanda ko wanka ba ta cire shi. Ta ɗaura wa Safara'u.

"Na je gidansu, ɗiyata, na iske su da rai, hannuna ya ƙi," ta ce. "Riƙe wannan. Ya riga ya saba da mu."