Bindigar da Kyaftin Braimah Bai Sani Ba

A duk Hausawan Gana da ke Greensboro babu wanda bai san Kyaftin Braimah ba, kuma babu wanda zai iya faɗa maka rundunar da ta ba shi wannan muƙami. Gaskiyar magana talabijin ce ta naɗa shi. Sau ɗaya tak ya taɓa kusantar aikin soja, yana saurayi a Kumasi, ranar da aka fito ɗaukar kurata. Ya je da sabon aski, ya cire riga, ya turo ƙirji, wani saja ya dubi tafin ƙafarsa ya ce a shimfiɗe yake kamar faranti, ya koma gida. Tun daga ranar Braimah yake ba da labarin cewa rundunar Gana ta tafka asarar da har yau ba ta farfaɗo ba.

Cacar biza ce ta kawo shi Amurka. Ya yi wankin kwanoni, ya yi dako a sito, daga ƙarshe ya samu gadin wani garejin ajiye motoci kusa da titin Elm, inda lauyoyi da masu zuwa kotu ke barin motocinsu. Makamansa a wurin su ne tocila da maɓallin ɗaga sandar ƙofa. Amma an ba shi riga mai tambari a kafaɗa, wannan kuwa ya ishe shi tafiya yana bubbuɗa hammata.

Ainihin aikinsa na ranar Lahadi ne bayan la'asar, lokacin da wata tasha ke nuna wasan kwaikwayo na 'yan sandan soja, masu kama sojan da ya yi laifi a bariki. Sauran jama'a suna kallo ne su ga wa ya yi kisan. Braimah ba ruwansa da wanda ya mutu, abin da aka harbe shi da shi yake son gani. Da an zaro bindiga sai ya danna rimot, hoto ya tsaya cak, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Wannan M9 ce," zai ce. "Dubi samanta a yanke. An daina riƙe ta, yanzu M17 ake ba su, mai ruwan ƙasa. Masu shirya wasan nan ba su san aikinsu ba koraa, ko kaɗan."

Wasan awa guda yakan cinye musu yamma sukutum. Abokinsa Hardi, direban tasi, shi ne kullum ɗan kallo, ba don yana son ilimin ba, sai don wake da shinkafar gidan. Ya yi shekara da shekaru yana zuwa, bai taɓa ganin ƙarshen labari ko ɗaya ba.

Mai dafa waken, Anti Ama, matar Braimah, ba ta zama. Da ta ji harbin farko take ɗaukar kofinta ta shige kicin. Tana ƙarama, zamanin mulkin soja, an kwantar da uwarta a tsakiyar kasuwa an zane ta da bulala a kan farashin atamfa, ita tana tsaye riƙe da gefen teburi. Shi ya sa ko wandon kaki ba ta wankewa. Ta sha faɗa cewa duk ɗan da ta haifa ya sa kayan soja, to ya nemi wata uwar.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Fauzia. Tun ba ta iya ɗaura takalmi ba take zama a cinyar ubanta ranar Lahadi. Zai tsayar da hoto ya ce, "Wace ce wannan?" Ita kuma ta amsa da Turanci, ya jefa mata alewa. 'Ya'yan mutane suna haddar baƙi da wasali, tasa tana bambance M4 da M16 daga tsawon baki. Braimah ya riƙa nuna ta ga baƙi yadda wasu ke nuna sabuwar mota. Ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa yarinyar sauraro take da gaske ba.

Ta gama kwaleji, ta kama aiki a Raleigh. Wata ranar Talata yana bakin ƙofar gareji wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, na sa hannu," in ji Fauzia da guntuwar Hausarta. "Na shiga soja. MP, 'yan sandan soja, irin na wasanmu. Ina cikin bas yanzu, za a kai mu tirenin, za su karɓe waya. Kai ka gaya wa Mama. Ni ba zan iya ba."

Ta gaji jarumtar ubanta sak, sai da mota ta tashi sannan ta kira.

Da farko daɗi ya kama shi har ya sara wa sandar ƙofa. Sai da ya zauna a bas ɗin komawa gida ya tuna akwai wata mata a kicin. Mutumin da ya jagoranci ɗaruruwan farmaki daga kan kujera ya tsaya a ƙofar gidansa yana lalubar makullin da ke hannunsa.

"Maman Fauzia," ya ce, "'yarki za ta zama MP."

To, a Gana in aka ce MP, ɗan majalisa ake nufi, mai babbar mota da gilashi baƙi, wanda ake kira Onarabul. Anti Ama ta saki ludayi, ta rangaɗa guɗa, hawaye suka zubo mata. Braimah ya buɗe baki zai gyara, ya dubi fuskarta, ya ga rabonsa da ganinta haka tun ranar sunan yarinyar. Ya rufe bakinsa.

"Wace jam'iyya?" ta tambaya.

"Ba a kai nan ba tukuna. A Amurka sai an kai su tirenin a Missouri."

"Bari in kira ta."

"An karɓe musu waya. Don kada a fara ba su cin hanci."

Anti Ama ta jinjina kai ta ce lallai Turawa sun san aiki.

Kafin Juma'a labari ya isa Kumasi. Anti Ama ta zama Maman Onarabul. Ƙanenta ya aiko a tuna masa da biza, wata gwaggo ta ce a fara da kwatar unguwarsu. A nan Greensboro waɗanda suka gane sun gane, amma kowa ya ja bakinsa, don babu mai son a daina aika masa wake da shito, soyayyen yajin nan na Gana. Hardi ne kawai ya ja shi gefe a masallaci.

"Kyaftin, wannan bom ka ajiye a ƙarƙashin katifa paa, babba kuwa."

"Dabarar yaƙi ce," in ji Braimah. "Kai farar hula ne, ba za ka gane ba."

Da Fauzia ta samu damar kira na ɗan lokaci ta tambaye shi yadda Mama ta ɗauki zancen, sai ya ce ta yi murna har da guɗa. Bai yi ƙarya ba, kuma ya daɗe yana yaba wa kansa a kan haka.

Sai dai wasan Lahadi ya fara ɓata masa rai. Wata rana aka nuno wata yarinya soja tana gadin ƙofar bariki, ta tsayar da mota, ta sunkuya za ta duba takarda, aka harbe ta ta taga. Hardi ya ajiye cokali yana jiran lacca. Hoto bai tsaya ba. Braimah ya ce batirin rimot ne ya mutu. A karo na farko ya kalli wadda ta faɗi, ya ga takalminta ɗaya ya karkace, ya ga ba ta fi Fauzia tsayi ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ba a danna masa maɓalli. A ranar Hardi ya ga ƙarshen labari, bai kuma ji daɗinsa ba.

Abin ya fashe wata Lahadi. Fauzia, wadda ta yarda an yafe mata, ta turo wa uwarta hoto kai tsaye. Anti Ama ta fito daga kicin, abin da ba ta taɓa yi ba ana cikin harbi a talabijin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki rimot ta kashe, ta tsaya tsakanin mijinta da gilashin. Hardi ya tuna yana da fasinja, ya bar rabin wakensa.

Ta miƙo wayar har kusa da hancinsa, daidai nisan da ya saba.

"Baban Fauzia, ga Onarabul ta aiko gaisuwa daga majalisa. Kai ne masani. Hoton a tsaye yake, ba sai ka danna komai ba. Faɗa mini, wace ce wannan?"

Ya duba. Ya santa mana, ko a mafarki ya santa, M4 ce, gajeren baki, gindi mai zugewa. Amma idonsa ya ƙi zama a kanta. Ya ga hular ƙarfe ta yi wa yarinyar yawa, ta sauko har gira. Ya ga kumatunta sun faɗa. Ya ga yatsun da yake cusa wa alewa sun kama ƙarfen nan gam, tana murmushi irin wanda take yi in ta ba da amsa daidai tana jiran ya ce madalla.

Kalmar da bai taɓa furtawa a falon nan ba ita ce ta fito.

"Ban santa ba," ya ce.

"Wacce?" in ji Anti Ama. "Bindigar ko 'yar?"

Ta ajiye masa wayar a cinya, wurin da yarinyar take zama, ta koma kicin ta kashe murhu.