Fangalin da Aka Auna da Ƙugun Inna

Kawuna, yayan mahaifiyata, kafinta ne, amma a layinmu Mai Awo ake ce masa. Mutum ne da ko ƙafar benci zai gyara sai ya auna, ya ja da baya ya kanne ido, ya sake aunawa. Aikinsa ba ya girgiɗi, wannan kam ban isa in hana shi ba. Sai dai in ka kai masa aikin gadon jariri, to ka shirya karɓa ranar da yaron ya fara tafiya.

Matarsa, wadda muke kira Inna, lambu ne rayuwarta. Ɗan fili ne kamar tafin hannu a bayan ɗakin girki, amma ba a raba shi da alayyafo da latas da albasa. Da safe shukarta take fara gaisarwa kafin mutanen gida.

Da ciwon baya ya kama ta, sunkuyo ya gagara, sai ta ce masa, "Malam, ga tsofaffin akwatunan tumatir can a shagonka. Ɗora mini su kan bulo, in zuba ƙasa da taki, in riƙa shukata a tsaye."

"Matar kafinta ta yi shuka a akwatin tumatir? So kike a yi da ni a gari? Fangali zan yi miki na katako, mai ƙafafu, daidai ƙugunki."

Nan take ya tsayar da ita jikin dokin ƙofa, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ja layi daidai ƙugunta. Inna tana dariya, wai tun aurensu bai taɓa kallonta da kyau haka ba.

Daga nan aka shiga jira. Katakon farko, in ji shi, gara za ta ci. Na biyu bai bushe ba. Na yi magana har bakina ya gaji.

"Kawu, da babu ai gara ba daɗi."

"Ke 'yar nan, me kika sani? Abin da zan yi wa Innarki ba na kwana biyu ba ne."

Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta. Ciyawa ta cinye filin. Inna ta koma dogara sanda, daga sanda sai keken guragu. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, shi da kansa yake tura keken nan, amma in ya koma shago layin fensir ɗin yake bi.

Ranar da ya kawo fangalin, gaskiya ya yi kyau. Katako sumul, ga ƙananan huji a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, har da ƙugiyar rataye bokiti. Muka cika shi da ƙasa da taki. Ya turo Inna yana murmushi, ya tsayar da keken. Bakin fangalin ya zo daidai goshinta.

Inna ta miƙa hannu sama ta lalubo ƙasar, ta murza, ta shinshina.

"Ƙasar ta yi kyau, Malam," ta ce. "Sai dai wadda ka auna ɗin ta daɗe da zama."

Ban taɓa ganin Kawu yana sauri ba sai ranar. Ya kwashe ƙasar da hannu, ya ɗauko zarto ya datse ƙafafun, ko awo bai yi ba, sannan ya mayar da ƙasar. Fangalin ya tsaya a karkace, in an zuba ruwa sai ya gangara kusurwa ɗaya. Inna ta yafa irin alayyafo daga zaune, tana tsokanarsa cewa ashe shi ma ya iya aikin banza. Ta ga tsirowarsa, amma Allah bai nufa ta ga tsinkarsa ba.

Yanzu Kawu ke ba shi ruwa kullum da safe. Kwanan baya na ga ruwan yana malalewa gefe, na ɗauko guntun katako zan tokare gajeriyar ƙafar. Sai ya riƙe hannuna.

"Bar shi haka," ya ce. "A duk aikin nan, yankan nan kaɗai na yi mata a kan lokaci."