Tabon wuyan Ya Falmata

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Falmata. Mutanen Nguru da suka san ta ba sa manta muryarta, wadda ta dishe tun ranar da aka yi mata tiyatar maƙoƙo a Maiduguri. Ta dawo da dogon tabo a gindin wuya. Mata suka ba ta shawarar ta riƙa rufe shi da mayafi, ta ƙi.

A lokacin, macen da wuyanta ya kumbura ɗaki take shigewa, a ce jifa ne, a yi ta jiƙe-jiƙe har numfashi ya gagare ta. Ya Falmata tana sarin busasshen kifi tsakanin Nguru da Gashuwa, duk inda ta ji labarin mai maƙoƙo sai ta yi sallama. Ta zauna, ta buɗe wuyanta, ta ce, "Duba nan, 'yar'uwa. An yanka ni, ga ni ina cin tuwo." Gani ya kori ji. Wasu ta raka su asibiti da kanta, ta bar kifinta a hannun maƙwabta.

Bara ciwon ya kama 'yarta Hauwa. Dangi suka haɗa ƙarfi aka fitar da ita ƙasar waje. Likitan bai sa wuƙa a wuyanta ba. Gefe ya zauna yana duban allo, yana sarrafa wata na'ura mai siraran hannaye da ta shiga ta hammata ta ciro abin. Hauwa ta dawo wuya sumul, murya garau.

Na sha tambayar kaina me Ya Falmata za ta ce da tana raye. Na san za ta shafa wuyan 'yarta ta yi hamdala. Na kuma san ba za ta tashi ba sai ta tambaya yaushe na'urar za ta iso wa matan Jakusko da Karasuwa, waɗanda ko kuɗin motar Damaturu yakan gagare su.

Kwanan baya a kasuwar Gashuwa wata mai tattasai da ban sani ba ta tsayar da ni. "Malam, kai ne ƙanin mai kifi?" Na ce ni ne. Ta jawo wata budurwa gabana. "Yayarka ce ta kai ni asibiti, bayan nan na haifi wannan. Sunanta Falmata."

Allah ya kai haske kabarinki, Yaya.