Ni Na Kai Ladi Cocin Nan

Jiya a kasuwar Taminus na hango ƙanwata Ladi tana raba takardun gayyata zuwa cocinsu. Na kira sunanta, ta dube ni kamar baƙuwa.

Ni na kai ta cocin nan. Lokacin ana ce mini Mai Kamun Rai, aikina in nemo masu damuwa in kai su gaban shugabanmu, wanda muke kira Baba. Mijin Ladi bai daɗe da rasuwa ba, na dinga kai mata abinci har ta biyo ni. Saboda ita aka ƙara mini girma, na zama Makiyayiya. Daga baya na gudu, ita ta zauna.

Jiyan na ce mata, "Ladi, mun binne Mama a Vom, ba mu gan ki ba."

Ta ce, "Baba bai ba ni izini ba. Ni ma Makiyayiya ce yanzu, an hana mu magana da waɗanda suka fita." Sai ta rage murya. "Ba ke kika ce in bar kowa ba?"

Ni ce.

Wanda ya taɓa fito da nasa daga irin wurin nan, don Allah ta ina ya fara?